Kawu Sedick, Wanda Bai Taɓa Taka Tsibirin Ba

Kafin kowa ya motsa a cikin babban jirgin ruwa, Kawu Sedick Kamaldien ya riga ya yi sallar asuba, ya shanye baƙin shayinsa a tsaye, ya sauka wajen kwalekwalensa na roba. Zai tada injin, ya kara kunne kamar likita a ƙirjin jariri, ya bi igiyoyi da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa ke nan tun kafin a haife ni: in jirgi ya baro Cape Town ya isa tsibirin nan na can kudu, shi ke kai masu binciken duwatsu gaɓa, shi ke dawo da su.

Tsibirin nan ƙanƙara ce a sama, wuta a ƙasa. A bangon ƙanƙarar da ke kallon teku akwai baƙaƙen layuka, wani a kan wani, kowane layi tokar aman wuta ɗaya ce da dutsen ya taɓa yi, ƙanƙara ta binne. Malamarmu, Dakta Noxolo Gcaba, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kankaro tokar nan don a san sau nawa dutsen ya tashi, da yaushe zai sake. Ni kuwa, ɗalibarta, ranar da na fara ganin bangon sai da na yi hawaye, na ce ga littafin da ya fi duk waɗanda na karanta.

Kawu ya ce, "Yi kukanki a zaune, 'yata. Kina karkata mini jirgi."

Dokarsa ɗaya ce: ba ya kashe inji, ba ya sauka. Can babu wurin ɗaure jirgi, sai baƙin yashi da raƙuman ruwa masu kifar da duk kwalekwalen da ba kowa a kan sitiyarinsa. Shekara da shekaru yana kai mutane, bai taɓa sa ƙafa a tsibirin ba. Abokin karatuna Wikus yakan tsokane shi: "Kawu, ko dai tsoron sanyi ne? Sauko in goya ka."

"Goya jakarka tukuna, sarkin surutu."

Ranar da nake son ku sani, muna gindin bangon sai muka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙoramar da muka tsallake da safe fara tas, ta koma ruwan toka, tana tururi. Dakta ta ɗaga kai ta ce, "Dutsen ya yi zafi daga ciki, ƙanƙara na narkewa. Ku gudu!"

Usur ɗin Kawu ya riga maganarta ƙarewa. Ni da Wikus muka kutsa ruwa har ƙirji, muka faɗa kwalekwale. Dakta na baya. Muna kallo bakin bangon ya fashe, ruwa ya ɓalle da curin ƙanƙara kamar motoci, ya kwashe mata ƙafa, ya jefa ta inda teku ke dukan yashi. Ta tashi, ta sake faɗuwa.

Wikus ya yi ihu, "Kawu, sauka ka ɗauko ta! Kai ne mai ƙarfin cikinmu!"

"Zauna."

"Mutuwa za ta yi!"

"Na ce zauna, ɗan nan! In na sauka, mu huɗu za a yi wa makoki."

Wallahi a lokacin na tsane shi. Fuskarsa ko gezau, idonsa ba ma a kanta yake ba, yana bayanmu yana auna raƙuman ruwa. Ya bar babba ya wuce. Ya bar na biye da shi, Dakta ta nutse muka daina ganinta. Sai ga ɗan sarari, ya danna inji, kwalekwale ya shige kamar kibiya, ya wurga igiya da hannu ɗaya.

"Noxolo! Yar da jakar!"

Jakar tokar da ta zo nema ce. Ta yar. Muka ja ta ciki, leɓɓanta shuɗi, shi kuma ya juya mu kafin raƙumi na gaba ya sauko daidai inda muka bari. Da muka isa jikin babban jirgi, Wikus ne ya ɗaure masa igiya.

Kai ne, Kawu, ka yarda a ɗauke ka marar imani na ɗan lokaci don kowa ya koma gida. Takardun da aka rubuta a kan tsibirin nan babu sunanka ko a ɗaya, alhali duk wanda ya rubuta su a bayanka ya je, a bayanka ya dawo. Mai riƙon sitiyari, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyin nan naka hutu. Ku kuma da aka damƙa wa wani wuri ku tsare, ku tsaya a wurin, ko da ana zaginku.

Makon jiya ya yi ritaya. A wajen walimar, Dakta ta zo da wani baƙin dutse mai faɗi da ta ɗauko daga gaɓar a tafiyar bana, ta ajiye a gabansa.

"Taka, Kawu. Yau dai ka sauka."

Ya dube mu, ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa a hankali. Ya tsaya a kai da ƙafa biyu. Sannan ya waiga ya ce, "To wa ke riƙe da jirgin?"