Daminar da Taraktar Baba Ta Ƙi Natsuwa

A gidanmu na Jiga Birni, ɗakin Kaka Tumba ne kaɗai wuta ba ta mutuwa a cikinsa, rani da damina. Takan ce ƙasusuwanta ba sa shiri da sanyin ƙasa. Da an idar da sallar isha'i sai mu yara mu kewaye murhunta, hayaƙi yana korar sauro yana kuma sa mu hawaye, ita tana kan buzu tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a ko fara zancen Kebbi ba. Ni ce babbar jikarta mace, saboda haka wurin zamana jikin gwiwarta.

Akwai wata damina da babu wanda ya samu sukuni a gidan nan.

Baba ya sayar da shanun huɗarsa ya sayo wata tsohuwar tarakta a gwanjo. Ƙarama ce mai ruwan toka, kusan sa'arsa a shekaru. Da fetur ake tayar da ita, in ta yi zafi a mayar da ita kan kananzir. Tun kafin ruwan farko ya ɗauki alkawari: manoman Fagada, da wasu a Giwa Tazo can wajen Maiyama, duk sun ce shi za su jira. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, sai tarakta ta ɓullo da wani hali. In an tayar da ita injin ya yi sama da kansa kamar zai tsage, ya faɗo har a ce ya mutu, ya sake ɗagawa, alhali babu mai taɓa totur. In an sa mata garma ta shiga gona sai ta zabura ta finciki ƙasa, ta ɗan matsa gaba, ta shaƙe.

Don yawan ji, har mu yara muka haddace sunayen kayan cikinta. Akwai kafireta, wani ɗan tulun ƙarfe inda mai yake haɗuwa da iska. Akwai kuma wanda makanikai ke kira gwamna. Ranar da muka fara jin wannan suna mun yi ta dariya, muna cewa ashe na Sakkwato ne ya shiga cikin injin Baba. Aikinsa shi ne riƙe gudun inji: in nauyi ya ƙaru ya buɗe mai, in ya ragu ya rage. Wata 'yar sandar ƙarfe da sifirin, wata naɗaɗɗiyar waya mai miƙewa ta koma, su ne suka haɗa shi da kafireta.

Baba ya shiga yawo. Wani bakanike a tashar Jega ya ce masa sifirin ne ya saki, a cire shi a sa wanda bai kai shi tsawo ba. Wani direban babbar mota ya ce a'a, sandar za a ɗan lanƙwasa. Malam Yohanna na ofishin gona ya ce a ƙara buɗe kusar mai da ke jikin kafireta. Baba ya dawo gida ya yi duka a yini guda. Abin ya ƙaru. Ya sake komawa, ya sake kwaso shawarwari. Ya daina zama cin abinci, a tsaye yake shan fura. Rigarsa warin fetur, hannunsa warin fetur, har tabarmarsa ta ɗauka. Kullum da hantsi a ji sallamar wani a ƙofar gida, ya jingine keke yana tambayar yaushe za a zo gonarsa. In hadari ya haɗu Baba ya ɗaga kai ya kalli sama, ya yi tsaki, ya koma ƙarƙashin rumfa.

Wata rana na ji yana gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa in abin ya ƙi zai bar ta nan ta ruɓe, ya tafi Ikko tuƙin mota. Kowa a gidan ya san abin da Ikko take nufi a wurinmu. Can ƙanensa Mamman ya tafi tun ina goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kaka ta ji. Sai dai Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ban taɓa ganin ta zaunar da shi ta yi masa magana ba. In ta kama dole sai ta ce “ubanku” ko “mai gidan ga”. A kwanakin nan na lura zarenta yana yawan tsinkewa. Ta ɗauki mazari ta ajiye, ta tura itace cikin wuta ta sake janyo shi.

Rumfar da tarakta take tana bayan ɗakinta ne, katanga kawai ta raba. Ran nan muna zaune muna jin ƙarar sifana da tsakin Baba, hasken tocilarsa yana yawo a saman katanga, sai ta ce, “Ga wata nan tahe, ku gyara zama.”

Muka ce, “Ta iso, muna ji.”

Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi.

Wai wani manomi ne wanda bai iya zama wuri ɗaya ba. Ana gab da shuka ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ya karya ƙafa. Aka kai shi Aliero wurin mai ɗori, aka jera masa kara aka ɗaure, aka ce ya kwanta kada ya taɓa. Da gari ya waye ya ja jiki ya fito ƙofar gida. Masunci ya zo wucewa ya ce wannan ɗauri ya yi tsanani, sai ya sassauta. Mai nono ta zo ta ce ai ya yi sako-sako, sai ya tamke. Wanzami ya ce karan sun yi tsawo, ya kwance ya kakkarya su. Kowa ya wuce da tasa, shi kuma bai ƙi ta kowa ba.

“Ƙahwa ta rasa wa za ta bi,” in ji Kaka. “Sai tac ce, to, bari in warke yadda nig ga dama.”

Ƙafa ta warke, amma yatsunta suna kallon baya. In ya nufi gona, ta dama ta yi gaba ta hagu ta yi gida, sai ya yi ta juyi a ƙofar gida kamar ɗan akuyar da aka ɗaure a turke. Muka fashe da dariya. Ƙanena Bello ya tashi yana gwada tafiyar har ya kusa faɗawa wuta. Kaka ba ta yi dariya ba.

Bello ya ce, “Sai me, Kaka?”

“Sai yac ce zai bar garin, wai ko can nesa ƙahwar ta yi hankali.” Ta juya fuskarta wajen katanga. “To ku gaya min, mai ƙahwa irin wagga, ina za shi? In kuwa yat tahi, uwa tai tsohuwa, wa za ta kalla in gari ya waye?”

 Sai a lokacin na lura ƙarar sifana ta tsaya. Muka roƙe ta ta ƙarasa, ta ce wuta ta ci, mu tashi. Na kwanta ina ta juyi, raina yana wurin mutumin nan da aka bari yana zagaye a ƙofar gida.

Da safe muka tarar Baba ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance kafireta da sandar da komai ya jera. Ya nemo tsohon sifirin inda ya jefar da shi bayan rumbu, ya miƙe sandar da ya lanƙwasa, ya mayar da kusar mai yadda ya same ta tun farko. Daga nan sai ya taɓa abu ɗaya, ya tayar da inji, ya saurara, ya kashe. Bai je ko'ina ba ranar. Wani mutumin Giwa Tazo ya zo ya yi ta faɗa a waje, Baba ya fita ya ba shi haƙuri, ya ce kada ya ƙara jiransa, ya nemi masu shanu.

Da maraice Kaka ta ƙarasa mana. Mai karyayyar ƙafar ya koma wurin mai ɗori, aka sake karya ƙafar aka ɗaure, ya kwanta yana jin mutane suna wucewa gona yana cizon yatsa. Da ya tashi shuka ta yi nisa. Ya shuka a makare, ya samu ɗan abin da ya samu. Muka yi ƙorafi, babu kura, babu aljani, babu ko waƙa. Ta ce, “Nan tat tsaya. Wanda yaj ji, ya ji.”

Baba ya ɗauki kwanaki kafin ya gano. Ramin da ke bakin sandar ne ya cinye ya yi faɗi. In gwamna ya ja, kafireta ba ta ji sai ta makara, sannan ta buɗe gaba ɗaya; in ya saki, haka. Ga kuma datti ya toshe wata 'yar ƙofar mai da ba ta fi bakin allura ba. Ya wanke ta ya busa, ya kai sandar wurin wani maƙeri a Jega aka sa mata zoben tagulla. Ranar da ya haɗa ya tayar, muna tsakar gida, kowa ya tsaya da abin da yake yi. Muna jiran injin ya yi sama. Bai yi ba. Muna jiran ya faɗo. Ya ci gaba da bugawa daidai, shiru-shiru, har Inna ta ajiye taɓarya ta zauna a bakin turmi. Kaka ko leƙowa ba ta yi ba. Daga cikin ɗaki ta ce, “A ɗumama wa ubanku tuwo, shi zamna shi ci.”

Ba a ci riba a daminar nan ba. Giwa Tazo ta riga ta kuɓuce, wasu a Fagada sun daɗe ba sa amsa gaisuwar Baba da sakin fuska. Ya huɗe abin da ya rage, tamu gonar ta zo ƙarshe, geron bai yi kai sosai ba. Amma bai tafi ba.

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin darasin haƙuri: kada ka bi maganar kowa, kada ka taɓa abu goma a lokaci guda. Haka na riƙa ba 'yan ajina ita da na zama malamar firamare a Jega. Sai daga baya na fara tambayar tsofaffi, a biki, a gidan suna, har a Aliero ɗin kanta, ko sun san ta. Babu wadda ta taɓa jin ta. A nan na gane ba gado ba ce. A wannan zaman Kaka ta ƙirƙire ta, tana tsoro, tana laluben hanyar da za ta yi wa ɗanta magana ba tare da ta keta kunyar da aka raine ta a ciki ba. Mu da muke dariya a bakin wuta, hanya kawai muka zama.

Bayan rasuwarta na kai wa Baba ziyara, ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Na ce masa ko ya san tatsuniyar mai karyayyar ƙafa babu ita a ko'ina. 

“Na sani,” ya ce. “Ni anka yi wa ita. Tun da anka haihe ni, ranar ɗai ta taɓa ce min kada in tahi.”