Borghild Mai Shuɗin Fenti

Borghild Nilssen ba a daji ta tashi ba. A bakin teku aka haife ta, can ƙuryar arewa, inda babu komai sai duwatsu da iska, itacen da ya kai tsayin mutum ma sai an tona. Tana da shekara ashirin da shida ta sauko Oslo, babban birnin ƙasarsu, ta samu aiki a ɗakin wanki na wani asibiti. Lahadinta ta farko abokan aiki suka ja ta yawon daji kamar yadda kowa ke yi: a hau jirgin ƙasa zuwa tashar ƙarshe, a sauka, a shige cikin itatuwa. Ta duƙa ɗaure igiyar takalmi, ta ɗago, babu kowa. Awa huɗu tana bulayi, tana jiyo ƙarar motocin gari amma ta rasa ta inda za ta ɓulla.

Abin ya tsaya mata a rai. Da bazara ta zagayo, ta ba da sunanta cikin 'yan sa-kai masu shafa shuɗin fenti a jikin itatuwa don nuna hanya. Aka haɗa ta da Oddvar, wani direban bas mai bakin tsiya, aka damƙa musu hanyar da ta tashi daga tasha zuwa ƙaramin tafki, kilomita bakwai. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, shi da zarto, ita da gwangwani da buroshi, kullum cikin musu.

A kakar da ta cika sittin da takwas, guguwa ta kwantar da itatuwan tsakiyar hanyar kaf. Ma'aikatan daji suka kwashe gumagumai da injina, suka bar fili fetal, daga kututture sai laka. Alamomin duk sun tafi da itatuwan.

Solveig, shugabar 'yan sa-kai, ta tsaya da taswira a waya, ta ce a ja sabuwar hanya miƙaƙƙiya ta gangare.

"Ta can?" in ji Borghild. "Fadama ce. Ƙanƙara na narkewa za ku nutse har gwiwa. Tsohuwar hanya tana nan."

Oddvar ya kwashe da dariya. "Ku ji fa! Wadda ta ɓata a bayan tasha ita za ta nuna mana hanya."

"Kai tsoho, rufe mini baki ka miƙo sandar nan."

Ta yi gaba tana dogarawa, ta tsaya kan wani dutse, ta kankare gansakukar da ta lulluɓe shi. Sai ga shuɗi, ya dushe amma yana nan. Tun farkon aikinta duk itacen da ta shafa sai ta ɗiga wa dutsen kusa da shi, Oddvar na mitar tana ɓarnar fenti. Ita dai ba ta taɓa yarda da itace ba. Dutse ta sani.

Kwana uku tana gaba suna bin ta suna kafa turaku a madadin itatuwan, daga wannan dutse zuwa wancan, har suka ɓulla bakin tafki. Nan suka zauna cin burodi da cuku. Oddvar ya buɗe filas, ya fara zuba mata kofi kafin kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ba laifi, kin yi ƙoƙari, tsohuwa," ya ce, yana kallon ruwa.

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

"Kin ji ni sarai!"

A watan biyar aka sake buɗe hanyar. A cikin makon Borghild ta buga wa ƙanwarta Ragna waya can arewa, ta ce ta hawo jirgi ta zo. Ragna ta zo da takalmin ƙwalisa, tana ta ƙorafin sauro. Borghild ta ara mata takalminta na biyu, ta sa ta a gaba, ta ce, "Bi shuɗin kawai, ba zan ce miki komai ba."

Ragna ta kai su har tafki ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba. Borghild na biye da ita a hankali, hannuwa a baya, duk wanda suka yi kiciɓis da shi sai ta gaishe shi.