Rabin Kifin Baƙo

Wani baƙo yana zaune a ƙarshen benci a tashar motar Jalingo, wata ƙatuwar jakar goyo jingine da gwiwarsa. Takalminsa na hagu ya yage, ya ɗaure shi da zaren kamun kifi. Ya shanya taswira a cinya, ruwa ya cinye rabin garuruwan da ke jikinta. Ƙarnin kifi yake yi. Ina jin ƙauyukan masunta na bakin teku ya bi ɗaya bayan ɗaya, kwalekwale ya kife da shi a wani wuri, yanzu kuma wahalar man fetur ta yashe shi a nan tare da mu, tun safe babu mota.

Ni kuwa na matsa gefe na ba shi baya, ina cin masata a takarda da sauri, don kada mu haɗa ido in ce masa bismillah.

Sai na ji an taɓa mini kafaɗa. Ya kwance wani tsumma, busasshen kifi ne guda ɗaya tak. Ya raba shi biyu, yana miƙo mini wajen da ya fi tsoka da hannu bibbiyu.

"Bismillah, Baba," in ji shi da 'yar gurguwar Hausarsa. "Tun daga Oron, can bakin teku, duk inda na sauka, ba a barin mutum ya zauna yana kallo."

Na dubi takardar hannuna. Maiƙo kawai ya rage.

Kullum ina gaya wa 'ya'yana mu mutanen karamci ne. Na karɓi kifin nan.