Makulli a Ciki, Shanu a Rana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan tirela kafin abin ya same ni, kuma bai tashi samuna ba sai a gaban jama'a, ranar kasuwar Babban Mutum, a watannin da aka soma shari'a a jiharmu. A lokacin ba a da wata hira a teburin mai shayi sai ta yanke hannu. Babu wanda ya taɓa ganin an yanke wa wani, amma kowa yana da sunan wanda ya kamata a fara da shi.

Shanu na ɗauko zan kai kudu. Aka gama lodi gab da azahar, mai shanun, wani Alhaji ɗan Sandamu mai saurin fushi, ya ce mu yi salla mu kama hanya. Na tayar da inji don birki ya tara iska, na ɗauki butata, na danna makullin ƙofa daga ciki kamar yadda hannuna ya saba, na sauko na tura ta. Ƙarar rufewarta ba ta bar kunnena ba na tuna cewa injin da nake ji yana ruri, da makulli yake ruri.

Na zagaya ɗaya ƙofar da gudu, ko da yake na san abin da zan tarar. Wannan ƙofar ta yi shekaru ba ta kulluwa, da igiya muke ɗaure ta. Ni ne na dami mai motar har ya yarda aka gyara ta a Daura a cikin makon nan, kuma ni na tsaya a kan bakaniken don kada ya yi mana aikin ha'inci. Bai yi ba, Allah ya saka masa.

Na je na yi sallar, amma ba zan rantse raka'a nawa na yi ba. Da aka sallame na matsa kusa da Alhaji na faɗa masa a hankali. Shi kuwa ya maimaita da ƙarfi, yadda har na sahun baya suka ji.

Kafin mu isa wurin motar mutane sun riga mu. Wani ya ce a fasa gilashi. Na ce irin gilashin nan sai an aika Kano, kuma ranar da ya fashe, ranar aikina ya ƙare. Wani ya ce a hau babur a karɓo ɗaya makullin a Daura. Alhaji ya nuna shanunsa, sun cunkushe a bodi, rana tana dukan su, ya ce kafin a je a dawo sai dai a kira mahauta. Wani maƙeri ya zo da kurfi da guduma, na tare shi da jikina.

Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya matso da shawara sai ya fara da cewa shi fa bai san kan irin wannan abu ba. Gari guda, ranar kasuwa, ga direbobi ga masu gyaran babur, amma a ce babu mutum ɗaya da ya taɓa buɗe abin da ba da makullinsa ba. Ban taɓa shiga cikin salihan bayi masu yawa haka ba.

Mai shayin bakin tasha ne ya ja ni gefe. Ya ce in je ƙofar masallaci, akwai wani dattijo mai sayar da turare da tazbaha. Ya yi shekara ashirin a kudu, ya dawo gida daidai lokacin da aka fara maganar shari'a, ya tsayar da gemu, ba ya rasa sahun farko. Kowa ya san sana'ar da ya yi a can, ba a dai faɗa.

"Kada ka ce ni na turo ka," in ji mai shayi.

Na tarar da shi zaune a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani.

"A'uzu billahi," ya ce. "Wa ya turo ka wurina?"

"Babu kowa, Baba. Na ga kai babba ne, ka ga duniya."

"Turare nake sayarwa, ɗana. In na kaya kake so ga shi, in na jiki ne ga shi."

Na miƙe zan tafi, sai ga Alhaji yana kururuwa cewa saniya ɗaya ta durƙushe, sauran suna taka ta. Dattijon ya daɗe yana kallon wajen motar. Sannan ya ce dabba ba ta yi wa kowa laifi ba, ya jawo takalmansa.

Da muka isa bai taɓa motar ba. Ya tsaya taku uku daga ƙofar, hannuwansa a baya, tazbaha tana lilo. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai ban san komai a kan wannan ba. Amma na taɓa zama a mota kusa da wani mutumin banza, Allah ya shirye shi, yana ba da labari. Ya ce wai ana samun wayar ƙafar keke."

Aka kawo wayar. Mutumin banzan ya ce a lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, tsawon gaɓar yatsa. Ya ce a ɗaga robar da ke gindin gilashi a zura ta nan. Na hau matakala na zura, gumi yana shiga idona. Na yi ta lalube, ƙarfe yana karo da ƙarfe.

"Hagu kaɗan, in ji shi. Ƙasa. Ba nan ba! Kai, wane irin hannu ne da kai?" Sai ya yi gyaran murya. "Haka ya ce yakan ce wa masu koyo."

Na waiwaya na ga hannuwan dattijon sun dawo gaba, yatsunsa sun saki tazbahar, suna murza iska, suna yin aikin da nawa suka kasa. Na daina sauraron bakinsa na bi yatsun. Na ji ƙugiyar ta kama wani abu, na ja sama a hankali. Ƙofar ta ce ƙwas.

Jama'a suka yi kabbara. Dattijon ya fi kowa mamaki. Ya riƙe gemu ya dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Direba, ashe haka ka ƙware? To, ka dai ji tsoron Allah, zamani ya canza."

Ya juya ya koma wurin turarensa, mutane suna buɗa masa hanya da girmamawa. Ni kuwa da na sauko, sai na ga wanda ke kusa da ni ya dafe aljihu. Muka tayar da saniyar, aka yayyafa mata ruwa, muka kama hanya. Jakar Alhaji kuwa, da ya saba ajiyewa tsakaninmu, ranar a cinyarsa ta yi tafiya.

Na ci gaba da zuwa Babban Mutum lodi har shekara shida bayan haka. Ban taɓa sauka ba tare da wani ya zo ya ja ni gefe ba: makullin shago ya ɓata, kwaɗon rumbu ya ƙi buɗuwa, akwatin tsohuwa ya cije. Nakan rantse musu cewa ban iya ba, sau ɗaya na taɓa yi, shi ma gaya mini ake yi. Sai su yi murmushi su dafa kafaɗata.

"Mun gane, direba. Allah ya karɓi tuba. Amma dai ka zo ka duba mana."