Malam Izzuddeen da Muryar da Ta Maƙale a Empi

Duk safiya, kafin in yaye wa keken ɗinkina mayafi, Malam Izzuddeen ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jona ƙarfen dalma a wuta, ya kunna tsohuwar kwamfutar nan tasa mai nishi kamar mai ciwon ƙirji. Sai ya warware wayoyin caji ɗaya bayan ɗaya, ya rataye kowace a ƙusarta. Ba ya karyawa sai ya gama. Ni Saleh tela ne, katako ɗaya ya raba rumfata da tasa a kasuwar Azare shekara da shekaru. Duk layinmu an san ni da surutu da gajen haƙuri. Shi kuwa sai ka wuni kusa da shi ba ka ji muryarsa ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Yanar ido ta cinye masa na hagu, na dama ma ya fara hazo. Tun da ya faɗa mini hankalina bai kwanta ba, don na san abin da za mu rasa. Tsofaffi nawa suka kawo masa empin da suke jin tafsiri da shi, ya farfaɗo musu? Waɗannan ban ƙirga ba. Na daminar bana ne ba zan manta ba, don a gabana aka yi.

Da hantsi wani makiyayi mai suna Bappayo ya sauko daga motar Katagum, ƙafarsa duk taɓo, ya ciro wani abu daga wuya kamar laya. Empi ne, irin mai ɗan lasifika a jiki, an ɗinke shi cikin fata.

"Malam, kunnuwa yana yi, amma ya daina magana," in ji shi. "Baffana ne a ciki."

Na ajiye almakashi na matso. Ashe mahaifinsa, wanda yake kira Baffa, ya rasu bara, kuma garkensu muryar tsohon kaɗai ya sani. A tudu shanun suna bin Bappayo lafiya lau, amma ba sa shiga ruwa sai sun ji kiran tsohon. Kafin tsohon ya kwanta jinya Bappayo ya naɗi kiran a empin, da shi yake hayar da su kogi. Yanzu garken yana fadamar ƙetare, masunta kuma sun ce ruwa na tafe daga sama, in bai kwashe su gobe da safe ba fadamar za ta shafe. Ya sayo sabon empi, so yake a juye masa muryar. Wani mai gyara a hanya ya jona a kwamfuta, ba ta gan shi ba, ya ce sai dai a yi fomatin, wato a share komai a fara sabo.

Malam ya ce, "Ka yarda an yi?"

"A'a, Malam. Tsoro na ji."

"Tsoronka ya yi maka rana. Zauna."

Ya duba ko da memori a jiki a zare kawai, babu, muryar a cikin na'urar kanta take. Ya jona. Kwamfuta shiru. Ya sauya waya, ya ce wata wayar caji kaɗai take kaiwa, ba ta ɗaukar kaya. Shiru. Ya koma ramin bayan kwamfutar, ya kashe ta ya sake kunnawa, ya ari ta maƙwabcinmu ya gwada. Ko gezau. Ya karɓi allurata ya danna ɗan ramin da ke tayar da empi in ya sandare. Nan ma babu labari. Ni kam na ce, "Malam, don Allah yi sauri mana, hadari na haɗuwa!"

Ko kallona bai yi ba. "Saleh, koma kan wandon mutane."

Sai ya kai empin hanci ya shinshina. Ya ce, "Bappayo, me kake shafa wa fatar nan?"

"Man shanu, Malam. Kada ta bushe ta tsage, kuma ruwa ba ya shiga."

Tabɗijam! Yadda suke yi wa kube da igiyar fata haka ya yi wa empi, don ƙauna. Rana ta narka man, ya gangara cikin bakin cajin, ya haɗu da yashi ya daskare. Malam bai yi masa dariya ba, bai yi masa faɗa ba. Ya farke ɗinkin, ya samo tsinken sakace da auduga da sifirit, ya dinga gogewa a hankali har bakin ya yi fes. Ya jona. Kwamfuta ta yi ƙara, wani ɗan akwati ya fito. Na yi kabbara. Ashe tambaya take yi, ko a share na'urar kafin a buɗe ta. Bappayo bai iya karatun boko ba, ya miƙa yatsa yana cewa a danna mana. Malam ya riƙe masa hannu gam, ya zare wayar.

"Wannan ƙofar in ka shiga ba ka fitowa da Baffa," in ji shi. "Kwamfutar rabi-rabi take ganinsa. Akwai ƙafar bakin cajin da ta saki a ciki."

Ya buɗe empin, ya sa madubin ƙara girma a idon dama, ya ɗauki ƙarfen dalma. Ƙafafun nan sun fi bakin allura siranta, in dalma ta zarce ta haɗe biyu, shi ke nan. Ya kai, ya janye. Ya goge ƙwalla, ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Bappayo ya sunkuyar da kai yana ta salati. Ni na kasa kallo, na juya baya ina jin ƙaurin dalma.

"Saleh, zo ka duba mini. Ta kama, ko idona ne?"

Ta kama. Ya jona, kwamfuta ta buɗe shi sarai. Ya danna, sai muryar wani tsoho ta cika rumfar, doguwa, tana hawa tana sauka da Fulatanci, tana kiran uwar garke da sunanta. Bappayo ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na girgiza. Malam ya juye a sabon empin, ya juye a memori, ya bar ɗaya a kwamfutarsa, ya ce, "Tashi ka kama mota."

Aka kwana ana ruwa. Washegari na lalata wuyan riga biyu don fargaba. Can wajen azahar wayar Malam ta yi ƙara, ya sa ta a lasifika kowa ya ji. Ba mu ji komai ba sai ƙugin kogi da kukan shanu. Malam ya ce, "Duka?" Bappayo ya ce, "Duka, Malam, har maruƙa." Malam ya ce alhamdu lillahi, ya koma kan aikinsa.

Malam Izzuddeen, kai ne mai shinshina abin da wasu ke jefarwa. Kai ne ba ka taɓa raina kayan talaka ba, ba ka kuma taɓa share abin wani don ka huta ba. Da sauran ganin da ya rage maka ka hayar da garken marayu, kana zaune a kan benci. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya saka maka da abin da ba mu iya ba.

Ku kuma matasan layin gyara, da ku nake. Mutumin nan yana nan har ƙarshen wata, ku zo ku zauna kusa da shi tun bai ɗaure kayansa ba. In kuwa ba za ku zo ba, ku riƙe guda ɗaya: duk ranar da kwamfuta ta tambaye ku ko a share, ku ɗaga yatsa, ku tambayi mai abin ko wa ke ciki.