Takardar da ke ƙarƙashin akwatin Hajiya

Ba a ɓarauniya na tashi ba. A Mayo-Oulo aka haife ni, a gidan da ba a taɓa kai ƙarar ɗansa wajen mai unguwa ba. Lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, na dai iya haɗa baƙi da lamba, kuma abin da idona ya gani ba ya fita kaina. Aure ya kawo ni Garuwa. Mijina direban motar auduga ne, sai ya daɗe bai leƙo gida ba. Da na haifi Ummi sai na samu aikin shara da wanke-wanke a gidan wata Hajiya a unguwar Poumpoumré, ina zuwa da yarinyar a goye. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan mata da samari, don abin da na aikata ya raba ni da 'yata, har yau kuma ban gama samunta ba.

A falon Hajiya akwai ƙananan akwatuna biyu masu ƙyafta wuta. Ɗaya shi ke jawo intanet daga waje, modem suke ce masa. Ɗayan mai ƙahonni shi ke raba wa ɗakuna, shi ne ruta. Hajiya mace ce mai kyauta. Baƙo in ya zo, a ba shi ruwa, a ba shi kod ɗin waifai, kafin ma a gama gaisawa. Ranar da mai haɗa kamara ya zo sa wa gidan kamarori, ina goge tebur na ji ya ce, "Hajiya, kod ɗin nan na kamfani ne, rabin layin nan sun san shi. Ga wani ma a ƙarƙashin ruta, da shi ake shiga cikinta gaba ɗaya. A canza su."

Ta ce, "In canza, maƙwabta su ce na yi musu rowar iska? Bar shi, ɗana."

Ya yi dariya ya bari.

Ni kuwa ban taɓa roƙa ba, kunya nake ji a ce 'yar aiki ma tana so. Amma ina son mijina ya riƙa ganin Ummi ta waya, kati kuma ba ya isata. Wata safiya ina kakkaɓe ƙura sai na juya rutar, na ga farar takarda a manne, na karanta, na haddace. A bayan kicin na kira mijina. Ya ga haƙorin Ummi na farko, ya yi ta murna. Na ce wa kaina ai ban rage wa kowa komai ba. Daga nan na fara.

Da wayata ta faɗa ruwan wanki na kai wa wani Sale mai gyara a bakin kasuwa. Ya gyara, ya ga sunan waifai ɗin gidan a ciki. Ya ce, "Ƙanwata, ashe a gidan manya kike. Tafi abinki, na yafe ladan." Bayan nan Ummi ta yi zazzaɓi, shi ya saya mata magani. Sai ran nan ya ce in ɗauko masa hoton takardar da ke ƙarƙashin akwatin.

Na ce, "Yaya Sale, me za ka yi da shi?"

Ya ce, "Ƙwallo zan kalla a gindin dogon yaron ƙofar gidanku. Ko ƙwallon ma na Hajiya ne?"

Na san ƙarya yake. Mai kallon ƙwallo kod ɗin da Hajiya ke ba baƙi ya ishe shi, kuma kowane ɗan moto mai haya da babur a layin zai ba shi. Na ji abin da mai kamara ya faɗa da kunnena. Duk da haka na ɗauka na tura masa.

Da ya dawo yana tambayar ranar da gidan zai zama ba kowa, na ce ni ba ruwana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hoton daga wayar wa ya fito? In na nuna wa Hajiya, wa zai riƙe miki Ummi?" Na gaya masa ranar sunan jikar ƙanwar Hajiya, na gaya masa Baba Hamadu maigadi ba ya rasa jam'in la'asar.

Ranar, da la'asar, Sale da mutanensa suka shiga. Daga waje Sale ya shiga rutar ya kashe kamarorin, ba su ɗauki komai ba. Suka kwashe gwal ɗin Hajiya, har da 'yan kunnen marigayiya mahaifiyarta. Jandarmomi suka tafi da Baba Hamadu, suka ce ɗan gida ne kawai zai san lokacin. Tsohon da ke saya wa Ummi ƙuli-ƙuli. Na bari aka tafi da shi. Na ci gaba da zuwa ina share falon nan, ina goge akwatin nan, Hajiya tana ce mini, "Sannu 'yar nan, ke kaɗai kika rage mini da zan yarda da ita."

Wani wajen Sale ya sake yi aka kama shi, aka buɗe wayarsa. A komisariya, ofishin 'yan sanda, aka nuna wa Hajiya hoton. Babu fuskata a ciki, sai yatsana mai lalle da gefen zanen goyo. Zanen ita ta ba ni. Da aka kawo ni ba ta zage ni ba. Ta ce, "Da kin tambaye ni kod ai da na ba ki. Mai kawo mana gawayi ma na ba shi." Na kasa ɗaga kai. Da aka saki Baba Hamadu ya wuce ta gabana yana jan ƙafa, bai dube ni ba.

Aka yanke mini hukunci. Ummi ko yaye ban yi mata ba Innata ta zo ta ɗauke ta. Nonona ya yi ta zuba a gidan yari, wata tsohuwa a ɗakinmu ta ɗaure mini ƙirji da ɗankwalinta. Mijina ya aiko da saki. Danginsa suka so karɓe yarinyar, Inna ta yi ta durƙusa musu har suka bar mata riƙo.

Da na fito, gidan Baba Hamadu na fara zuwa. Ya ce ya bar ni da Allah, ya kuma ce in sha ruwa kafin in tafi. Hajiya ba ta yarda na shiga ba, ban ga laifinta ba. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa.

Masu gida, ku ji daga bakin wadda ta cuce ku. In za ku sayi waɗannan akwatuna, ku sayi sabo a shagon da kuka sani, kada ku karɓi na hannu wajen wanda zai haɗa muku ya tafi da kod a kansa. Ku nemi irin wanda ke da kod ɗin baƙi daban, ku ba maƙwabta wannan, kamara kuwa kada ta zauna a kansa. Na kamfani duka biyun ku canza tun ranar farko. Ba rowa ba ce.

Ku kuma ƙannena, abin da kuke so ku buɗe baki ku roƙa. In an hana ku, kun ji kunyar yini ɗaya. Wanda ya yi muku alheri sannan ya ce ku ɗauko masa hoton wani abu a gidan da kuke cin abinci, ku mayar masa da alherinsa ku gudu.

Yanzu ina Mayo-Oulo wajen Inna, ina soya ƙosai. Ummi ta yi wayo, tana kwana a bayan kakarta, ni kuma Tanti, wato Anti, take ce mini. Inna ta so ta gyara mata, na ce a bar ta. Jiya ta yarda na yi mata kitso, ta zauna a tsakanin ƙafafuna har na gama.