Layi Huɗu na Mashkura

Mashkura ba ta da daɗin maƙwabtaka. Shekara uku teburina na jikin nata a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Abuja, ban taɓa jin ta ce "ya yi" ba tare da ta ƙara "amma" ba. Kullum daga Mpape take gangarowa, ta zauna kan aikin da kowa ke gudu: sashen rumbun bayanai mai zaɓar hanya mafi sauri ta nemo abin da aka tambaya.

Ita ta rubuta ɓangaren da ke ƙiyasta yawan mutanen da za a samu idan an nemi wata ranar haihuwa. Lissafin ya ɗauka haihuwa ta bazu daidai a kwanakin shekara. Mu kuwa, duk wanda bai san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa. Har kakata. Da muka gwada da rajistar wata ƙungiyar 'yan kasuwa, kwamfuta ta yi shirin mutum hamsin, ta ci karo da dubu shida, ta toge kamar jaki.

Gyara sai wata biyu, ga shi saura mako a miƙa aiki. Sai ta rubuta layi huɗu a saman ɓangaren, tana bayyana inda yake kasawa da ranar da ke kayar da shi, ta sa sunanta.

Shugabanmu Leonard, wanda sa hannunsa kwantiraginta ke jira a ƙarshen wata, ya zo da Hausarsa ta Abuja.

"Mashkura, kwastoma zai karanta wannan fa. Abeg, ka cire shi."

"Oga, babana lemo yake sayarwa a Zuba. Gefen da ya ruɓe yake fara juyo wa mai saye."

Ya goge, ta mayar. Ya sake gogewa, ta sake mayarwa. Na ce mata, "Baiwar Allah, layi huɗu ne fa!" Ta ce wanda zai gaji aikin bai yi mata laifin komai ba.

Ba a sabunta kwantiraginta ba. Raina ya ɓaci sosai, amma ni matsoraci ne mai 'ya'ya uku.

Ni aka miƙa wa aikin. Leonard ya leƙo ya ce, "Shafi'u, goge abin nan kafin azahar."

Na buɗe, na karanta sau biyu, babu ƙarya ko ɗaya. Sai na rubuta sunana a ƙarƙashin nata, na tura masa.